Kwalayen Shekari a Cikin Silin

Ni dai ban yi nisa a makaranta ba. A aji huɗu na firamare na yi wa malamai sallama, na kama keke, daga keke na koma babur. Amma in dai zancen Shekari ne, ko mutanen jami'ar da yake yi wa aiki ba su kai ni saninsa ba, don ƙofata da tasa suna kallon juna a gidan hayar da muka zauna a Samaru, ta wajen Hayin Dogo. Ni ɗan acaɓa ne, mutumin Bomo, shi ya sa bai taɓa kirana da sunan yanka ba, sai Ɗan Bomo. Ni kuma Tuzuru nake ce masa, tun yana cewa zai kai ƙarata wurin mai gida har ya koma amsawa.

Mutumin wajen Zonkwa ne, dogo, siriri, mai tafiya kamar yana tsoron taka wani abu. Aikinsa a ɗakin gwajin ƙasa ne. Abin da na gane, manoma su kawo ƙasa a leda, shi ya tankaɗe ta ya zuba a kwalba. Ranar da ya yi mini wannan bayani na ce, “Ashe tun daga ofis ake fara wasan ƙasar.”

Ya haura talatin da biyar lokacin da na tare a gidan, farkon shekarun dubu biyu. Ba taba, ba giya, ba zaman majalisa. In ka gan shi ranar Lahadi da kwat, ga Littafi a hammata, sai ka rantse shi ne faston. Sai ka leƙa ɗakinsa.

Ciki da falo ne. Bangon falon nan, daga ƙasa har inda hannunsa ke kaiwa, kanta ce ya sa kafinta ya buga masa, kuma ba komai a kai sai kaset. Akwai kiɗan Kwango, akwai na Ibo mai jita, akwai garaya da kukuma, akwai na Indiya, akwai waɗanda ni ko ƙasarsu ban sani ba. Ba da sunan mawaƙi yake jera su ba. Layin sama na safiyar Litinin ne, na ƙasa da shi na ranar albashi, akwai na ranar da aka yi masa faɗa a ofis, sannan wani guntun layi can a lungu na in an aiko an yi rasuwa a ƙauye. Daga abin da ke tashi a rakodarsa muke sanin yadda ya wuni. In matata ta ji kukuma da la'asar sai ta ce, “Yau ka ƙyale Malam Shekari.” Ni kuwa ranar na fi jin daɗin tsokanar.

Waɗanda ya fi ji da su ba na kasuwa ba ne. Duk Kirsimeti in zai tafi gida sai ya ɗauki rakoda da batir, ya naɗo waƙoƙin tsofaffin matan cocinsu, da na masu busa ƙaho in ana biki. Wasu daga cikin tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya, amma muryarsu tana nan a kan kanta. Duk abin da Shekari yake tsoron rasawa a duniya, jikin bangon nan yake.

Sau ɗaya ya taɓa ba ni aro. Na manta da kaset ɗin a kan tankin babur na shiga masallaci. Da na dawo masa da shi ya ji ɗumi a hannunsa, sai ya dube ni kamar na mari uwarsa. Ya ce kaset ba ya son rana, ba ya son laima, ba ya son hannun ɗan acaɓa. Daga ranar, in ina son waƙa sai dai in zauna a bakin ƙofa in ji.

Da faifan sidi ya shigo gari sai ciwon ya ƙaru, don a nan ya gano katun na Japan. Mutanen ciki idonsu kamar faranti, gashinsu kamar an kifa musu abarba a ka, in za su yi faɗa sai sun gaji da surutu kafin a kai duka ɗaya. Yarensu ba mai ji, shi ma rubutun Turancin da ke gudu a ƙasa yake bi. Ɗaliban da ke haya a bayanmu suna ce wa abin anime, shi ma haka yake so a ce.

“Ba katun ba ne, Ɗan Bomo.”

“Zane ne ko ba zane ba?”

“Zane ne.”

“Yana motsi?”

“Yana yi.”

“To, sannu da kallon katun, Tuzuru.”

Ƙarshen wata ni nake ɗaukarsa zuwa kasuwar Sabon Gari. Akwai wani Ejiofor mai shagon kaset da faifai, da ya hango mu sai ya taso yana tafi. “Oga Shekari! Kayanka ya zo. Na ɓoye maka a ƙasa, ko ƙanena bai gani ba.” Daga nan sai layin 'yan gwanjo, inda ake fasa dilar kayan wasan yara. Katon mutum da gemu zai tsuguna a tsakiyar mata, yana tona tarin roba, yana neman 'yan mutum-mutumin nan irin na cikin katun ɗinsa, mai takobi, mai fukafuki, mai ƙaho. Wata rana wata mata ta dube shi da tausayi ta ce, “Allah sarki, baba, yaranka nawa?” Na amsa daga kan babur, “Ɗaya ne, Hajiya, ga shi nan tsugune a gabanki.”

Bai ji haushi ba. Irin wannan ba ta taɓa shi. Ya ɗago wani ɗan sojan roba ya miƙo mini. “Dubi takalminsa, Ɗan Bomo. Wani ya zauna ya yi masa har igiya. Kai me ka taɓa yi wa igiya?”

Ranar Asabar da la'asar, in an kawo wuta, sai ya jawo talabijin bakin ƙofa. Yaran gida su cika tabarma, matan su zo da tsintar shinkafarsu wai iska suke sha. Shi yana tsaye a gefe yana fassara, in tsohuwa ta yi magana ya yi muryar tsohuwa, in dodo ne ya kumbura wuya. Akwai wani dogon labari na wata tsohuwa mai tuƙa kwalekwale a sararin sama, tana neman garinsu da ya ɓace. Ni dai na ce shirme ne. Amma babur ɗina ya saba hutawa ranar Asabar da la'asar, ban san dalili ba.

Sai ga Dinatu. Malamar firamare ce a Jushi, 'yar Wusasa, daga Hausawan nan Kirista waɗanda Hausarsu ta fi tawa. A ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu. Ba yarinya ba ce ita ma, mace ce mai natsuwa, ba ta dariya sai abin ya kai a yi. Ni nake kai shi zance, ya zauna a falon babanta kamar mai jiran likita. Irin tarbiyyar gidansu ba a taka ɗakin saurayi, saboda haka ba ta taɓa ganin bangon nan ba. Ta dai san yana son waƙa, tunda ya taɓa naɗa mata kaset guda.

A hanyar dawowa nakan tambaye shi, “Ka gaya mata za ta tarar da 'ya'yan miji cike da kanta?”

“Lokaci bai yi ba.”

“Har da mai ƙahon?”

“Tuƙa babur ɗinka, Ɗan Bomo.”

Aka sa biki bayan Ista, shekarar dubu biyu da huɗu, tsakiyar bazara. Ana saura kaɗan yayansa Martins ya zo daga ƙauye don shirye-shirye. Martins ma'aikacin coci ne, shi ya riƙe Shekari tun rasuwar babansu, kuma rabonsa da Samaru an jima. Ina zaune ina wanke babur na ji shiru ya yi yawa a falon, sai na matsa kusa da taga, don ni ba na son a bar ni a baya.

Martins yana tsaye da ɗan mai ƙahon nan a hannu.

“Shekari, mene ne wannan?”

“Roba ce, Yaya.”

“Na san roba ce. Dangin matarka za su zo jere, rabinsu matan zumuntar coci ne. Su za ka tsaya kana yi wa bayanin roba? Me za su koma su faɗa a Wusasa? A ce mun kawo musu mai gumaka, ko a ce mun kawo musu yaro?”

Martins ya ajiye robar a kan kanta ya ci gaba.

“Baba ya mutu bai ga aurenka ba. Ni ma na fara cire rai. Yanzu Allah ya kawo mace ta gari, kai kuma ka tsaya riƙon kayan wasa. Ɗaki dai fanko ake ba mutane, ka sani. Ko ka sayar, ko ka ƙone, ni ba ruwana. Amma kar a zo a tarar da ko ɗaya.”

Martins ba mugu ba ne.  Kuma gaskiyarsa ce ta wajen ɗaki: ango bango huɗu yake bayarwa, abin da za a sa a ciki na dangin amarya ne.

Muka zauna shawara ni da Tuzuru. Ejiofor ya ce a mayar masa ya saya, Shekari ya ce ko a mafarki. Na ce a kai gidanmu na Bomo, ya ce ɗakin ƙasa ne, gara za ta yi biki. Na ce to ɗakina, sai ya dubi 'ya'yana suna ƙoƙarin cire wa kujera ƙafa, ya girgiza kai. Ɗalibai kuwa ya ce in ya ba su ajiya, kafin hutu rabin kayan sun kai Legas. Can sai ya ɗaga kai sama. A kusurwar falon akwai wani murfi a jikin silin, inda masu gyaran wuta ke shiga.

Da safe muka yi aikin, Martins ya tafi Wusasa gaisuwa. Kowane kwali sai da ya shimfiɗa masa jarida, ya jera kaset layi-layi yadda suke a kanta, ya naɗe 'yan robar ɗaya bayan ɗaya a tsofaffin safa. Faya-fayan tsohuwa mai kwalekwale ma suka shiga, saura kaɗan mu ga ƙarshen labarin. Ya hau tsani ya shige, ni ina miƙa masa ina cewa, “Karɓi ɗanka na fari. Karɓi autan.” Da ya sauko rigarsa kamar an tsamo ta daga rijiya, ga shi ko hantsi bai gama yi ba. Tsakanin silin da kwanon rufi, wurin nan tanda ce. Ba sai na gaya masa ba, ya fi ni sani.

Ya ce, “'Yan kwanaki ne, Ɗan Bomo. Da baƙi sun watse zan zaunar da ita in gaya mata, in sauko da su.”

Aka cire kantocin, aka shafe ramukan ƙusa, aka yi fenti.

Ranar jere mata suka cika gidan da guɗa. Shugabarsu gwaggon Dinatu ce, Gwaggo Rifkatu, gajeriya mai murya kamar lasifika. Aka kori ango waje yadda aka saba, ya dawo bakin ƙofata ya zauna. Ni kuwa aka sa ni cikin masu sauke kaya daga mota, saboda haka komai a idona aka yi. Akwai wata ƙatuwar kabad mai gilashi da baban Dinatu ya sa aka yi mata, ta jera kwanuka da tangaran. Aka gwada ta a bangon gabas, ta tare taga. Aka gwada ta yamma, ƙofa ba ta buɗuwa. Gwaggo ta nuna kusurwa ta ce, “Nan ne wurinta.” Aka tura ta ta zauna daram a ƙarƙashin murfin nan, samanta yana gogar silin. Da aka ga daɓen ba daidai yake ba tana rawa, sai kafintansu ya kama ta da bango da manyan ƙusoshi.

Na fito na ce, “Tuzuru, an rufe 'ya'yanka da ƙusa.”

Ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya je bakin ƙofa ya rusuna. “Gwaggo, sannunku da aiki. Na ce da an ɗan matsar da kabad ɗin nan gefe…”

“Ikon Allah! Jama'a, ku zo ku ga ango mai koya wa mata jere. Kai ka haife ta, kabad ɗin? Fita, ɗana, tun ban ci ka tara ba.”

Mata suka kwashe da dariya, wata ta yi guɗa a kunnensa. Ya dawo ya zauna. Kafin la'asar an cika kabad ɗin nan tun daga ƙasa har sama, kwano cikin kwano, kowanne da ɗan kyallensa mai ado, tangaran a tsaye kamar sojoji. Kowa ya san jeren da gwaggo ta yi da hannunta ba a taɓa shi. Wanda ya rushe shi sai ya faɗi dalili.

Aka yi biki lafiya, baƙi suka watse. 'Yan kwanakin nan suka wuce.

Da farko ya ce amarci ne, ba ya son ya ɓata mata rai. Daga baya ya ce Gwaggo tana yawan zuwa duba ɗaki. Sai wata rana muna zaune a tsakar gida, Dinatu tana hira da matata, muka ji tana cewa abin da ya sa ta yarda da shi, ta ga mutum ne kamili, ba ruwansa da shirme irin na samarin yanzu. Yabo take yi, har da murmushi. Na dubi Shekari, ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Gidan ya yi shiru. Rakodar tana nan, amma labarai kawai take faɗa. Yara sun yi ta zuwa ranar Asabar suna leƙe, har suka gaji suka koma ƙwallo. In Dinatu ta tambayi matan gida me yaran ke nema, sai su ce da yana kunna musu talabijin ne, su tsaya a nan, don ya roƙe mu kar wanda ya riga shi faɗa. A coci aka ga ya zama magidanci, aka sa shi cikin masu kula da kayan ikilisiya. Ya ƙara ƙiba kaɗan. Ni ma dole na sauke masa Tuzuru na koma ce masa Ango, amma sunan bai taɓa yi mini daɗi a baki ba.

Abin da na lura da shi, in rana ta take ranar da ba aiki, sai ya fito ya zauna a benci yana kallon rufin ɗakinsa, kwanon yana ƙyalli har iska na rawa a kansa. In na ce, “Ango, jirgi kake jira?” sai ya yi ɗan murmushi. In hadari ya haɗo kuma ya dinga zagaya falo yana duban silin ko akwai alamar yoyo. Dinatu ta ɗauka tsabar kula da gida ce.

Da ta haifi 'yarsu Hephzibah, wadda ni Hafsi nake ce mata don harshena ba ya kai wa can, sai ta tafi Wusasa wankan jego. Ɗaki ya zama nasa shi kaɗai. Na zo da hamar aro na ce, “Yau ko a mutu ko a yi rai. Mu sauke, mu ciro, mu mayar, wa zai sani?”

Ya buɗe gilashin. Ya ciro kwanukan layin ƙasa ya ajiye a kan kujera, a hankali, yana duban yadda kowanne yake don ya iya mayarwa. Sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye da murfin kwano a hannu.

“Ɗan Bomo, bazara biyu fa ke nan.”

“Shi ya sa na ce mu yi sauri.”

“In na buɗe na tarar ba abin da ya rage fa?”

“In ka bar su, za su gyaru ne?”

“Yanzu dai in na kwanta na san suna nan.”

Ya mayar da kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe gilashin. Na mayar wa mai hama hamarsa.

Ɓeraye ne suka yi abin da ya kasa. Hafsi ta fara tafiya lokacin, wata bazarar ta sake zagayowa. Ina shirin fita da hantsi, Shekari yana ofis, makarantu suna hutu, sai Dinatu ta leƙo.

“Malam Ɗan Bomo, don Allah zo ka ga wani abu.”

Ta gefen kabad ɗin, daga wata 'yar tsaga a silin, wani siririn abu mai ruwan ƙasa ya sauko yana lilo. Ta ja shi, ya yi ta zuwa ba ya ƙarewa.

“Wannan ba zaren kaset ba ne?”

“Ya yi kama.”

“Me ya kai kaset cikin silin?”

“Ɓerayen Samaru 'yan boko ne, Amarya, ƙila suna da rakoda.”

Ba ta yi dariya ba. Ta dube ni irin duban da take yi wa 'yan aji uku. “Kai ka san wani abu.”

“Ni dai na san mijinki yana tashi aiki da la'asar.”

Ba ta jira la'asar ba. Ta goya Hafsi, ta buɗe gilashi, ta fara sauke jeren Gwaggo da hannunta, tana tarawa a kan gado. Ta ce in nemo abin cire ƙusa. Ita ce mai ɗaki, ita ce mai kabad, me zan ce? Muka ture ta ni da wani ɗalibi, ga murfi ya bayyana. Na hau, zafi ya buge ni a fuska, da warin fitsarin ɓera da na ƙonanniyar roba.

A tsakar gida muka jera kwalayen. Wasu gindinsu ya zube tun a hannuna, inda yoyo ya taɓa su. Kaset ɗin da ke sama sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Na ƙasa zarensu ya manne ya zama dunƙule. Ɓeraye sun yi sheƙa da jaridar da zaren, har da 'ya'yansu jajaye a ciki. Faya-fayan sun yi bawo, in ka ɗaga ɗaya kana hango rana ta cikinsa. 'Yan robar kuwa sun narke a cikin safa, mai takobi ya manne da mai fukafuki, fuska ta koma gefe. Dinatu ta tsuguna tana ɗaga su ɗaya-ɗaya tana karanta rubutun hannunsa a jikin kaset, sunan ƙauye da shekara. Matata ce ta ba ta labarin kantoci da Asabar da muryar dodo. 

Da la'asar ya shigo da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya a bakin zaure. Ya dubi kwalayen, ya dubi ƙofar ɗakinsa a buɗe, ya dube ni. Sannan ya tako a hankali ya tsuguna, ya ɗauki kaset ɗaya ya juya shi, ya ajiye.

Dinatu ta ce, “Baban Hephzibah, naka ne?”

“Nawa ne.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin jere.”

“Duk shekarun nan a ƙarƙashinsu nake zaune?”

Ya gyaɗa kai.

“Me ka ɗauke ni?”

“Na ji tsoron ki ce kin auri yaro.”

“Da na faɗa mana! Da na yi maka dariya, in kira ka baban 'yan tsana, in gaji in bari. Shi ke nan fa. Kwanukan nan da ka bari suka tsare maka hanya, rabinsu ban taɓa zuba ko ruwa a ciki ba. Ka gan ni ina son katun? Ba na so. Amma da ka buɗe baki, da na rage maka wuri.”

Ba ta ɗaga murya ba, amma idonta ya cika. Shi kuwa ya koma kan kwalayen. Ya yi ta tona kwalin kaset ɗin ƙauye har ya sami ɗaya da bai lanƙwashe sosai ba. Ya shiga ya fito da rakoda, ya sa, ya danna. Muryoyin tsofaffi suka taso a jaye, kamar masu waƙa cikin barci. Dinatu ba ta jin yarensu, ta tambaye shi wace ce mai ba da waƙar. Ya ce matar kawunsa ce, ta rasu shekarar da aka yi bikinsu. Bai rufe baki ba rakodar ta yi wani ƙara ta tauna zaren. Ya kashe.

Da aka mayar da kabad ɗin, Dinatu ta bar layi biyu na tsakiya ba komai, kwanukan ta zuba su a buhu ta tura ƙarƙashin gado. Da Gwaggo ta zo ta yi faɗa, Dinatu ta ce mata wurin maigida ne. Har Sabon Gari ta sa na kai ta wurin Ejiofor, muka tarar ya koma sayar da kayan waya, kaset saura 'yan kaɗan a kwando a bakin ƙofa. Ta zaɓo wasu ta kawo masa. Ya yi godiya sosai, ya ajiye su a ledarsu. Na ƙauyen dai ba kasuwar da ake samunsu. Layi biyun nan haka suka zauna, tana goge su tare da sauran.

Kwalayen sun daɗe a lungun tsakar gida, ya rufe su da tsohuwar tabarma. Sai da hadarin farko ya fara haɗowa, mai gida ya yi magana, sannan ya kwashe su da kansa ya kai bola. Na ce in ɗora masa a babur, ya ce a'a.

Washegari da safe ya makara, ya ce in kai shi ofis. Muna karya kwanar layinmu muka tarar yaran unguwa sun riga mu zuwa bola. Sun fasa kaset ɗin sun warware zaren, sun ɗaɗɗaura shi daga turken wuta zuwa bishiyar dalbejiya, daga taga zuwa katanga, layin gaba ɗaya ya cika da shi, yana ƙyalli yana kaɗawa a iska. Wani zaren ya ratsa hanya daidai tsayin mutum a kan babur.

Ya dafa kafaɗata ya ce, “Rage gudu.”

Na rage. Da muka zo wucewa ya sa hannu ya ɗaga zaren sama, ya sunkuyar da kai, muka shige ta ƙarƙashinsa bai tsinke ba.